Henri Rousseau: Ɗan duwan ɗin da ya ajiye aiki yana da shekara 49 ya rungumi zane

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa idan ya isa shingen kan iyaka na Jibiya, wajen Magama da Mazanya, jami'an da za su duba kayansa sunansu kwastam. Da zarar ya tsallaka zuwa Ɗan Isa a ɓangaren Nijar kuwa, suna ya canja, sun koma 'yan duwan. Daga Faransanci aka aro kalmar duwan, kuma ita ce ta zama laƙabin ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen da ƙasar Faransa ta taɓa yi, wato Henri Rousseau, wanda duniya ta fi sani da Le Douanier, ma'ana Ɗan Duwan. Ana furta sunan nasa Ruso.

Ruso ya yi shekara 22 yana karɓar kuɗin ƙofa a birnin Faris. Bai taɓa zama a ajin koyon zane na manya ba, kuma sai da ya kai shekara 40 kafin ya koma wa fenti da buroshi gadan-gadan. Ya yi ritaya yana da shekara 49, ya ƙarasa shekara 17 da suka rage masa yana zane cikin bashi da ba'a. Ranar da aka binne shi a 1910 mutum bakwai ne suka raka gawarsa. A watan Mayun 2023 kuwa, an yi gwanjon zanensa guda ɗaya a birnin Niyok na Amurka a kan dala miliyan 43.5. Rayuwarsa ta shafi duk ma'aikacin da ke ƙirga shekarun da suka rage masa a ofis, da duk ɗan kasuwar da ya binne wata baiwa tun ƙuruciya saboda neman na tuwo.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Henri Julien Félix Rousseau ranar 21 ga Mayu, 1844, a garin Laval da ke yammacin Faransa. Gidan da aka haife shi yana jikin hasumiyar wata tsohuwar ƙofar ganuwar garin mai suna Beucheresse, tamkar a ce an haifi mutum a soron Ƙofar Guga ko Ƙofar Ƙaura a Katsina. Mahaifinsa maƙerin gwangwani ne, irin masu haɗa kayan amfanin gida da kwano. Tun Henri yana ƙarami bashi ya yi wa mahaifin katutu, aka ƙwace gidan, iyalin suka bar garin, shi kuma aka bar shi a makarantar kwana.

A karatu bai yi fice ba, bai ma kammala sakandare ba. Abu biyu kawai ya taɓa cin kyauta a kansu, zane da kiɗa. A gidan da bashi ya ci, babu mai tunanin tura yaro ya koyi zane, don haka aka sama masa aikin akawu a ofishin wani lauya a garin Angers, inda iyayensa suka koma. A nan ne ya yi tuntuɓen farko. A 1863 aka kama shi tare da wasu samari sun ɗauki 'yan kuɗi kaɗan da kan sarki daga ofishin. Don ya wanke kansa a idon alƙali sai ya shiga soja, amma duk da haka sai da ya yi zaman wata guda a gidan yari a 1864.

A barikin da ya zauna ya haɗu da sojojin da suka dawo daga yaƙin da Faransa ta kai ƙasar Meziko, ya sha labarin dazuzzuka da namun daji daga bakinsu. Bayan shekaru, sai magana ta bazu a Faris cewa shi ma ya je wannan yaƙi, a can ya ga dajin da yake zanawa, shi kuma ya bar maganar ta yi ta yawo. Takardun aikinsa na soja sun nuna cewa a cikin Faransa ya yi aikinsa duka.

Mahaifinsa ya rasu a 1868, aka sallame shi daga soja don ya kula da mahaifiyarsa. Ya koma Faris, ya auri Clémence Boitard, 'yar maigidan da yake haya a wurinsa. A ƙarshen 1871 ya samu aikin da zai riƙe har tsawon shekara 22.

Shekara 22 a bakin ƙofa

A wancan zamani birnin Faris zagaye yake da ganuwa mai ƙofofi, kuma duk kayan da za a shigar don sayarwa sai an biya masa haraji: nama, mai, giya, gawayi, itacen wuta, ciyawar dabbobi da kayan gini. Kuɗin na hukumar birni ne, kuma yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Tsarin ya yi kama da abin da aka sani a biranen ƙasar Hausa na da, inda Sarkin Ƙofa ke lura da mai shiga da mai fita da abin da ya ɗauko. Sai a 1943 aka soke wannan haraji a Faris.

Aikin Ruso shi ne ya tsayar da keken doki, ya leƙa kaya, ya auna, ya rubuta rasit, wani lokaci kuma ya kwana yana gadi. Ƙaramin ma'aikaci ne, kuma har ya bar aiki bai hau wani babban matsayi ba. A haƙiƙa ma bai taɓa zama ɗan duwan na kan iyakar ƙasa ba. Abokai ne suka ƙara masa girma da wannan laƙabi, kuma galibi ana danganta shi ga marubuci Alfred Jarry, wanda shi ma ɗan Laval ne.

Aikin ƙofa yana da dogon jira. Tsakanin wannan keke da wancan, abin da ke gaban mutum shi ne bishiyoyi, katanga, bututun hayaƙin masana'antu da jiragen dako a kogin Seine. Waɗannan su ne abubuwan da Ruso ya fara zanawa, kuma bai daina zana su ba har ƙarshen rayuwarsa. Wajen 1890 ya zana ita kanta ƙofar harajin, da ma'aikata biyu cikin kaki, ɗaya a ƙasa ɗaya a saman gini yana gadi, ga koren ganye ya kewaye ko'ina. Zanen yana gidan adana zane-zane na Courtauld a Landan. Daga baya shi da kansa ya ambata cewa shugabanninsa sukan tura shi wuraren da aiki bai yi yawa ba don ya samu sukunin zane.

A gida kuwa jarrabawa ce ke bin jarrabawa. Yawancin 'ya'yan da Clémence ta haifa sun rasu suna jarirai. Ita ma tarin fuka ya yi ajalinta a 1888. Ɗansu namiji da ya rayu ya rasu a 1897 yana da shekara 18. 'Ya ɗaya ce, Julia, ta yi tsawon rai, kuma a hannun dangi a Angers ta ƙarasa tasowa.

Komawa ga fenti

A 1884, yana da shekara 40, Ruso ya samu takardar izinin shiga gidan tarihi na Louvre don ya riƙa kwaikwayon zanen magabata. Wannan ita ce makarantarsa, tare da 'yar shawarar da ya samu daga wasu ƙwararru biyu, Félix Clément da Jean-Léon Gérôme. Burinsa shi ne ya yi zane mai santsi irin nasu, wanda gwamnati ke saye tana ba da lambar yabo.

Hanyar kai wa ga hakan a toshe take. Babban baje kolin zane na shekara-shekara yana da kwamitin tantancewa, kuma ba ya karɓar aikin wanda bai bi ƙa'idojin makaranta ba. Amma a wannan shekara ta 1884 wasu masu zane, ciki har da Georges Seurat da Paul Signac, suka kafa ƙungiyar masu zaman kansu, wadda baje kolinta ba shi da alƙalai kuma ba a ba da kyauta. Duk wanda ya biya kuɗin rajista zai rataya aikinsa. Daga 1886 Ruso ya fara kai nasa. A cikin na farkon akwai zanen wasu mutum biyu cikin kayan biki a ƙarƙashin busassun bishiyoyi da farin wata, wanda yanzu yake birnin Philadelphia a Amurka.

Jama'a sun zo, sun kalla, sun yi dariya. Dalilin dariyar a fili yake ga wanda ya saba da zanen makaranta. Ruso bai ƙware a ƙa'idar nesa da kusa ba, don haka komai nasa yakan fito a shafe kamar an yanko an liƙa. Ƙafafun mutanensa kamar ba su taɓa ƙasa ba, fuskokinsu a sandare, jariransa kuma da kamannin dattawa. Wani ɗan jarida ya kwatanta shi da mai zane da ƙafa bayan an ɗaure masa ido. Har ta kai mutane na zuwa baje kolin musamman don su nemi inda aka rataya nasa su yi nishaɗi.

Shi kuwa sai ya sayi littafi, yana yanko duk abin da jaridu suka rubuta a kansa, na yabo da na zagi, yana liƙawa a jere kamar mai adana rasit. Shekara na zagayowa sai ya sake kai sababbi. Daga 1886 har zuwa rasuwarsa, shekara biyu kacal ya yi fashi, 1899 da 1900.

A 1890 ya zana kansa tsaye a bakin kogi, sanye da baƙaƙen kaya da hular masu zane, riƙe da buroshi da allon haɗa fenti, ga hasumiyar Eiffel da aka gama a 1889 can a bayansa. A jikin allon ya rubuta sunan Clémence, daga baya ya ƙara na matarsa ta biyu. A lokacin yana nan yana karɓar kuɗin ƙofa, amma a matsayin mai zane ya gabatar da kansa. Zanen yana birnin Prague a yau.

A 1891 ya kawo zanen daji na farko: damisar Asiya mai ratsi-ratsi ta maƙale cikin ciyawa, ga hadari da walƙiya, iska na kaɗa bishiyoyi, ruwan sama na sauka a karkace. A wannan karon wani matashin mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, Félix Vallotton, ya rubuta sharhin da ya ɗauki aikin da muhimmanci, kuma shi ne na farko da ya yi hakan. Babban gidan zane-zane na ƙasar Ingila da ke Landan ya sayi wannan zane a 1972.

Ritaya da tsadarta

A ƙarshen 1893 Ruso ya ajiye aiki. Fanshonsa ya ɗan haura faran 1,000 a shekara, abin da ba zai ishi kuɗin haya da abinci da fenti ba. Ya shiga wannan hali ido buɗe, domin kafin ranar ya riga ya yi shekara tara yana zane ba ƙaƙƙautawa, ya kuma baje aikinsa sau takwas a jere a gaban jama'a. Ya san yadda ake kallon aikinsa, ya kuma san cewa masu saye ba su da yawa.

Don cike giɓi sai ya koma ga kyautarsa ta biyu ta makaranta, wato kiɗa. Yana koya wa 'ya'yan maƙwabta goge irin na Turawa da zane, wani lokaci ma yakan yi kiɗa a bakin titi. Ya koyar a wata makarantar yamma ta manya. Yana zana hoton masu shaguna da iyalansu a unguwar Plaisance, inda ya zauna, a kan kuɗi kaɗan. Matarsa ta biyu, Joséphine Noury, wadda bazawara ce lokacin da ya aure ta, ta buɗe ɗan shagon sayar da takardu da alƙaluma, tana ajiye zanensa a ciki ko Allah zai kawo mai saye. Ita ma ta rasu a 1903.

Bashi bai rabu da shi ba, musamman na mai sayar masa da fenti da ƙyallen zane. Zanensa na 1908 da ke nuna wani mai kantin kayan masarufi, Junier, tare da iyalinsa a kan keken doki, ana ba da labarin cewa don ya rage bashin kantin ya yi shi. A yau zanen yana gidan tarihi na Orangerie a tsakiyar Faris.

Ya nemi aikin gwamnati ma. Ya shiga gasar ƙawata ofisoshin wasu ƙananan hukumomi da ke kewayen Faris, bai ci ko ɗaya ba. A 1897 ya yi zanen da mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyawun aikinsa: wata baƙar mace matafiyiya tana barci a sahara cikin farin wata, ga molonta da tulun ruwa a gefe, zaki ya tsaya a kanta yana sansana ba tare da ya taɓa ta ba. Ya rubuta wa magajin garin Laval yana roƙon garinsu ya saya a kan kuɗin da bai wuce faran 2,000 ba. Garin bai saya ba. Zanen ya ɓace daga idon jama'a har zuwa 1924, lokacin da aka gano shi a wurin wani mai sayar da gawayi a Faris.

Yadda yake aiki ya nuna tarbiyyar ma'aikacin da ya saba da awo da ƙidaya. Yakan fara daga saman ƙyalle ya gangaro ƙasa, yana gama launi ɗaya kafin ya ɗauki wani. Kowane ganye sai ya zana shi shi kaɗai, da jijiyoyinsa. Idan zai zana mutum, yakan auna hancinsa da bakinsa da goshinsa kamar tela, ya mayar da awon a kan ƙyalle. Marubuci Guillaume Apollinaire, wanda ya zauna aka zana shi tare da Marie Laurencin a 1909, ya ba da labarin wannan awo.

Dajin da bai taɓa shiga ba

Abin da ya fi fito da sunan Ruso shi ne zanen daji, waɗanda suka haura 20, kuma yawancinsu a shekara shida ko bakwai na ƙarshen rayuwarsa ya yi su. Bai taɓa fita daga Faransa ba. Dajinsa a cikin Faris ya same shi. Yakan je lambun gwamnati na Jardin des Plantes, ya shiga ɗakunan gilashi masu ɗumi inda ake renon tsirran ƙasashe masu zafi, ya wuce gidan namun daji da ke wurin, ya kuma kalli dabbobin da aka busar aka cusa wa ciyawa a gidan tarihin halittu. A ɗakinsa akwai wani littafin hotunan namun daji na yara wanda kantin Galeries Lafayette ya buga, kuma an gano cewa daga cikinsa ya kwafi tsayuwar wasu dabbobinsa. Ganyen da ya tsinto a lambu yakan faɗaɗa shi ya koma kamar bishiya. Shi ya sa ake ganin furanni sun fi kan mutum girma, tsirran nahiyoyi daban-daban kuma sun haɗu a daji guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba ganin manyan motocin dako a hanyoyin Arewa. Mai fentin da ya zana zaki ko mikiya a bayan mota, da wuya a ce ya taɓa yin ido biyu da zaki a dawa. Daga hoto ya gani, sauran kuma ya cike da tunaninsa, amma duk wanda ya bi bayan motar ya san zaki ya gani.

Zamanin ma ya taimaka. Lokaci ne da Faransa ke mamayar ƙasashen Afirka, jaridun Faris cike da labarin dazuzzuka da namun daji. Sojojinta sun shiga Damagaram a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 wani kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi ƙasa yana kafa alamun iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi. Mutanen Faris suna ɗokin ganin waɗannan wurare, Ruso kuma ya ba su dajin da shi da su suke hasashe.

A baje kolin kaka na 1905 aka rataya ƙaton zanensa na zaki mayunwaci ya danne barewa kusa da ayyukan Henri Matisse da André Derain, matasan da launukansu masu ƙarfi suka sa wani mai sharhi ya laƙaba musu sunan namun daji. Daga nan matasan masu zane suka fara dubansa da wani ido. Su sun yi makaranta, suna ta faman kuɓuta daga ƙa'idojinta, ga kuma dattijo da ke zane kai tsaye da launi mai ƙarfi da siffa bayyananna, ba tare da ƙa'idojin sun taɓa ɗaure shi ba. A 1907 mahaifiyar mai zane Robert Delaunay ta ba shi aikin wani babban zane, ya yi mata na mai busa sarewa tana kiran macizai a bakin ruwa.

Gaban alƙali

A daidai lokacin da abubuwa suka fara kyau sai ya sake yin tuntuɓe. Wani matashin ma'aikacin babban bankin Faransa, wanda ya san shi ta hanyar kiɗa, ya ja shi cikin wata damfara. Ruso ya buɗe asusu da sunan ƙarya, aka yi takardun jabu, ya je reshen bankin da ke garin Meaux ya karɓo faran 21,000, ya miƙa wa saurayin kusan duka. A watan Disamban 1907 aka kama shi, ya yi kusan wata guda a kurkukun Santé. Daga can ya yi ta rubuta wa mai bincike takardu, kuma babbar damuwarsa ita ce a sake shi ya gama zanen da zai kai baje koli.

An yi shari'ar a watan Janairun 1909. Dabarar lauyansa ita ce ya nuna cewa wanda yake karewa mutum ne mai sauƙin kai da kowa zai iya yaudara. Aka karanto abubuwan ba'a daga littafin nan na yankakkun jaridu, aka kuma ɗaga wani zanensa na birai a daji a gaban kotu, mutane suka yi dariya. An yanke masa ɗaurin shekara biyu na je-ka-gyara-halinka da tara. Ya tsira daga kurkuku, amma da aikin da ya fi ƙauna aka kafa hujjar cewa ba shi da wayo.

Walimar Picasso

A 1908 Pablo Picasso, ɗan ƙasar Sifen mai shekara 27, ya ga wani babban zanen mace a shagon mai kayan gwanjo, ana sayar da shi don a sake amfani da ƙyallen. Ya saye shi faran 5, abin da a lissafin 'yan kasuwar Maraɗi ake kira dala guda. Na Ruso ne. Picasso ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

A ƙarshen wannan shekara ya shirya wa dattijon walima a ɗakin aikinsa da ke unguwar Montmartre. Apollinaire da Marie Laurencin da Georges Braque da marubuciya Gertrude Stein 'yar Amurka duk sun halarta. Aka ɗora kujera a kan akwati aka zaunar da Ruso kamar sarki, ya yi musu kiɗan goge, aka yi ta waƙa har dare ya raba. Waɗanda suka halarta sun saɓa a kan ma'anar taron, wasu na ganin girmamawa ce, wasu na ganin akwai tsokana a ciki. Shi dai da zuciya ɗaya ya karɓa. An ruwaito cewa ya shaida wa Picasso su biyun ne manyan masu zanen zamaninsu, Picasso a salon mutanen Masar na da, shi kuma a salon zamani.

Daga 1909 kasuwa ta fara buɗewa. Dillalai irin su Ambroise Vollard da Wilhelm Uhde da Joseph Brummer suka fara sayen aikinsa. A ɗan ɗakinsa da ke titin Perrel yakan shirya zaman dare, inda mai burodi da mai kanti na unguwa ke zama kafaɗa da kafaɗa da marubuta da masu zane, ɗalibansa na yin kiɗa. A watan Maris na 1910 ya baje zanensa mafi girma, mai faɗin kusan mita uku: mace kishingiɗe a kan doguwar kujera a tsakiyar daji, ga zakuna da giwa da tsuntsaye, da koren launi iri sama da 20. A wannan karon masu yabo sun fi masu dariya.

Rasuwa

Watanni kaɗan bayan haka wani rauni a ƙafarsa ya ruɓe. Aka kwantar da shi a asibitin Necker da ke Faris, ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1910, yana da shekara 66. An binne shi a maƙabartar Bagneux, a ɓangaren marasa galihu. A cikin mutum bakwai da suka raka shi akwai Paul Signac da Robert Delaunay da maigidan da yake haya a wurinsa. Bayan shekara biyu abokansa suka haɗa kuɗi suka sama masa kabari nasa na kansa. Apollinaire ya rubuta baitocin ta'aziyya, aka sassaƙa su a jikin dutsen kabarin, kuma Constantin Brancusi na cikin waɗanda suka yi sassaƙar.

Tun kafin shekarar ta ƙare aka baje wasu ayyukansa a Niyok. A 1911 Uhde ya wallafa littafi na farko a kansa. Farashi ya yi ta hawa, dillalai da masu tara zane suka kwashi riba, abin nan da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1936 zanen mai kiran macizai ya shiga Louvre, gidan da ya taɓa neman izinin shiga don ya kwaikwayi wasu. Wanda aka sayar dala miliyan 43.5 a 2023 kuwa zane ne na 1910, na wasu tsuntsayen ruwa masu dogayen ƙafafu a bakin tafki.

Abin lura ga ma'aikaci

Nijeriya ma tana da makamancin wannan labari. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, akawun gwamnati ne a Legas da ya koya wa kansa zane. Sai a 1920, yana da shekara 38, ya tafi Landan da Faris ya yi karatun zane, ya dawo ya dage har aka shigar da darasin a makarantun Legas. Ya rasu a 1963, kuma ana ɗaukarsa uban zanen zamani a ƙasar nan. Shi ma, kamar Ruso, tun yana kan teburin ofis ya fara.

A dokar aikin gwamnati ta Nijeriya, ma'aikaci na barin aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Da yawa sai takardar sallama ta iso suke fara tunanin abin da za su yi, a lokacin da ƙarfi ya ragu, kuɗin sallama kuma ba a san ranar fitarsa ba. Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma rayuwar Ruso ta gaskata hakan, amma ta nuna sharaɗin da ke tattare da shi. Ranar da ya miƙa kakinsa yana da aikin shekara tara a hannu, yana da wurin da yake baje shi duk shekara, yana kuma da sana'a ta biyu, koyar da kiɗa, da za ta riƙe shi idan ta farko ba ta kawo kuɗi ba. Duk da wannan shiri, sai da ya yi kusan shekara 15 bayan ritaya kafin dillalai su fara ƙwanƙwasa ƙofarsa, kuma bai ci moriyar hakan ba sai na ƙasa da shekara biyu. Talaucin da ya shiga ne ma ya sa ya zama abin farautar mai damfara yana da shekara 63.

Garin Laval ya waiwaye shi daga baya. A 1947 aka ɗauko ƙasusuwansa daga Bagneux aka sake binne su a lambun Perrine da ke garin. A 1967 aka buɗe gidan adana ayyukan masu zanen da ba su yi makaranta ba a tsohuwar fadar garin, don tunawa da shi. Zanen mace da zaki da ya yi wa garin tayi kuwa, tun 1939 yake gidan zane-zanen zamani na birnin Niyok.